Amsoshin Wasiƙunku: In saya wa ɗana babbar waya don karatu, ko in bari?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ce a Funtuwa, ina da 'ya'ya biyar. Babban yana aji biyu na babbar sakandare, baɗi zai zana JAMB in Allah ya kai mu. Tun hutun da ya wuce yake matsa mini in saya masa babbar waya. Ya ce malaminsu na kimiyya ya buɗe zaure a WhatsApp, a nan yake tura darasi da tambayoyin shekarun baya, kuma shi da wasu 'yan kaɗan ne kawai ba sa ciki. Ya ce kuma jarrabawar da kwamfuta ake yin ta, wanda bai saba ba faɗuwa yake yi. Mahaifinsa ya ce atafau, waya lalata yara take yi. Ɗaukar adashina ta kusa, da ma na yi niyyar gyara kekena da kuɗin. Malam, in saya ko in bari? Ba na so in zama sanadin faɗuwarsa, ba na kuma so in sayo masa abin da zai ɓata shi da hannuna.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya miki zuri'a, ya sa wa sana'arki albarka. Kafin komai, ki gyara kekenki. Shi ne yake biyan kuɗin makaranta, shi ne zai biya kuɗin rajistar jarrabawar da ake magana a kai. Abin da ya ragu bayan gyara, shi za mu tattauna.

Ɗanki ya kawo miki hujja biyu, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Ta JAMB ɗin ita ce mai rauni, duk da ita ce ta fi tsorata iyaye. Gaskiya ne tun 2015 hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, ta daina amfani da takarda da fensir, kowa a gaban kwamfuta yake zama. Amma abin da zai tarar a ɗakin jarrabawa bai yi kama da waya ba. Allo ne a gabansa, da madannai, da linzami. Tambaya 180 ce a cikin awa biyu: 60 na Turanci, sai 40 a kowane ɗayan sauran darussa uku. An sauƙaƙa abin har ta kai ko linzamin ba dole ba ne. Ya danna A, B, C ko D ya zaɓi amsa, ya danna N ya wuce gaba, ya danna P ya koma baya, in ya gama ya danna S ya miƙa. Yaron da ya shekara yana shafa fuskar waya da babban yatsa ba lallai ya san inda waɗannan haruffa suke a kan madannai ba. Na ga 'yan ajina da suka fi kowa iya waya sun rikice a gaban kwamfuta, na kuma ga yarinyar da ba ta taɓa mallakar waya ba ta saba cikin 'yan kwanaki, don an kai ta cibiyar kwamfuta ta zauna ta gwada. To abin da yake bukata ke nan: ki ware masa kuɗin zama a irin wannan cibiya kafin lokacin, sannan ya yi rajistar jarrabawar gwaji da hukumar take shiryawa kafin ta ainihi. Ita waya ma haramun ce a ɗakin jarrabawar, wanda aka kama da ita ya jawo wa kansa.

Abin da ba makawa sai da shi shi ne layi nasa na kansa da lambar NIN ta shaidar zama ɗan ƙasa, wadda aka wajabta tun 2021. Da wannan layin zai tura saƙo zuwa 55019 ko 66019 a ba shi lambar da zai yi rajista da ita, da shi kuma zai duba sakamako. Ƙaramar waya mai madanni ta isa wannan aikin. Ina roƙonki kada ki yarda a yi masa da layin mai shagon kwamfuta ko na wani aboki. Kowace shekara sai an samu yaran da suka shiga wahala saboda layin da suka yi rajista da shi ya ɓata ko mai shi ya bar gari.

Hujjarsa ta biyu kuwa mai ƙarfi ce. Tun rufe makarantu da aka yi a watan Maris na 2020 saboda korona, malamai da yawa suka saba da tura darasi ta waya, kuma ba su daina ba bayan an koma aji. Malami mai ɗalibai tamanin a aji ɗaya, ga littafi bai wadata ba, ga ɗakin gwaje-gwaje babu kaya, in ya samu bidiyon minti biyar da yake nuna yadda jini yake zagaya zuciya, ya tura, ya yi abin da alli ba zai yi masa ba. Ni ma ina yi. Akwai darussan lissafi da na daɗe ina fama da su a kan allo, musamman na siffofi masu tsawo da faɗi da zurfi, waɗanda yaro yake ganewa nan take in ya ga hoton yana juyawa. Don haka in ɗanki ba ya cikin wannan zaure, akwai abin da yake wuce shi, bai yi ƙarya ba.

Sai dai mahaifinsa ma bai yi ƙarya ba, kuma ba na so ki ɗauki maganarsa a matsayin tsohon ra'ayi. Ƙasashen da suka riga mu cika aji da na'urori su ne yanzu suke ja da baya. Faransa ta hana waya a makarantun firamare da ƙananan sakandare tun 2018. Holan ta bi sahu a farkon 2024. Rahoton UNESCO na 2023 a kan fasaha da ilimi ya ce kusan ƙasa ɗaya cikin huɗu ta riga ta sa irin wannan doka, ya kuma ja kunne cewa yawancin hujjojin da ake kawowa na amfanin na'urori daga bakin masu sayar da su suke fitowa. Ƙasar Peru ta raba wa 'yan firamare ƙananan kwamfutoci dubu ɗaruruwa, amma da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya bincika ya fitar da sakamako a 2012, bai ga wani ci gaba a lissafi ko karatu ba. Yaran sun iya kwamfuta, iyakarta ke nan.

Ga kuma wani gwaji na kusa da mu, a Jamhuriyar Nijar. A tsakanin 2009 da 2010 an yi azuzuwan yaƙi da jahilci na manya a ƙauyuka sama da ɗari a jihohin Doso da Damagaram, da Hausa da Zabarmanci. A rabin ƙauyukan an haɗa da koyar da ƙaramar waya, yadda ake rubuta saƙo da lambobi. Jenny Aker ta Jami'ar Tufts da abokan aikinta sun tarar waɗanda aka haɗa musu da waya sun fi sauran maki a rubutu da lissafi. Ki lura da bambancin. A Nijar akwai malami, akwai darasi, wayar kuma ta ba ɗalibi dalilin maimaita abin da ya koya bayan an tashi. A Peru an miƙa na'ura an juya baya. Wannan shi ne abin da na yi imani da shi bayan shekarun da na yi ina koyarwa: na'ura tana ƙara wa karatun da wani babba yake tsaye a kai, ba ta ƙirƙiro karatu inda babu mai tsayawa.

Saboda haka shawarata ita ce, in kuɗin ya isa, ki sayi wayar, amma ta zama taki. Kada ki ce masa "ga wayarka". Ki ce kin sayi waya don sana'a, kuma gaskiya ne, za ta yi miki amfani wajen tura wa masu kawo ɗinki hotunan samfuri da karɓar kuɗi. Lambarki za a sa a zauren malamin. Shi kuma ya riƙa ara a lokacin da kuka ajiye, misali tsakanin la'asar da magariba, ko awa ɗaya bayan isha'i, a tsakar gida ko a falo inda ake shige da fice. Da dare a ɗakinki za ta kwana. A kan wannan na ƙarshe kada ki sassauta ko kaɗan. Yaran da nake gani suna gyangyaɗi a darasin farko na safe, in ka bi diddigi, yawanci ba rashin lafiya ba ne, hira ce da kallon gajerun bidiyo har ƙarfe biyun dare. Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo, wanda iyaye mata da yawa ba su sani ba: cacar ƙwallo ta waya. Tana farawa da naira ɗari, ta kai yaro ga taɓa kuɗin makaranta. Wayar da take kwana a hannun uwa ta toshe rabin wannan ƙofa.

Ba sai kin iya Turanci ko kimiyya za ki iya sa ido ba. Ki saya masa littafin rubutu guda, ki ce duk abin da ya karanta a waya ya rubuta shi a ciki da kwanan wata: tambayoyin da ya amsa, waɗanda ya faɗi, da abin da zai tambayi malami gobe. In ya dawo miki da waya, ki karɓi littafin ki duba. Awa guda a waya, shafi babu komai, kin san inda lokacin ya tafi. Kuma rubutun kansa karatu ne. Kallon malami yana warware lissafi a bidiyo yana sa yaro ya ji kamar ya iya, sai an ba shi takarda da biro a gane bai iya ba.

Batun data kuma, tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, ba abin wasa ba ne ga mai 'ya'ya biyar. Ya riƙa sauke abin da yake bukata sau ɗaya, ya kashe data, ya yi karatunsa. Akwai manhajojin tambayoyin JAMB na shekarun baya da suke aiki ba tare da intanet ba, malaminsa zai nuna masa mai kyau. Akwai kuma dandalin karatu na intanet mai suna Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF da Microsoft a watan Maris na 2022, darussansa kyauta ne kuma a kan manhajar karatun ƙasa aka gina su. Kashe data yana da wata fa'ida bayan tsimi, domin saƙonnin abokai ba za su riƙa faɗowa suna katse shi ba.

Kada ki yi wannan a bayan idon mahaifinsa. Ki zauna da shi ki nuna masa tsarin: wayar ta gida ce, ga lokacinta, ga inda take kwana. In ya ga tsoronsa aka yi wa magani, ina kyautata zaton zai yarda, wataƙila ma shi zai karɓi aikin duba littafin. In kuma kuɗin bai isa ba bana, kada ki ci bashi. Ki je makarantar, ko ki tayar da maganar a taron iyaye da malamai, ki nemi duk abin da aka tura a zaure a riƙa rubuta shi a allo ko a buga a takarda. Haƙƙin ɗanki ne. Ina kuma kira ga 'yan'uwana malamai da su ji tsoron Allah a kan wannan. Darasin da aka ajiye a WhatsApp kaɗai, an ware 'ya'yan talakawa ke nan daga aji ba tare da an kore su ba, kuma 'yan mata sun fi shan wannan, don a gidaje da yawa namiji ake fara saya wa waya. Mutanen Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato ba su manta da 2021 ba, lokacin da aka datse layukan sadarwa na tsawon makonni saboda matsalar tsaro. Makarantar da ta jingina karatunta kacokan a kan waya, ranar da aka ɗauke sabis ta tsaya cik.

TAMBAYA: Malam, ni abokin aikinka ne, ina koyar da Turanci a wata makarantar kuɗi a Kano. Mun hana shigowa da waya, amma aikin gida ya zama abin takaici. Yaron da ba ya iya haɗa jimla uku a aji sai ya kawo mini insha'i mai shafi biyu babu kuskure ko ɗaya. Na san ChatGPT ne, manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira da take yi wa mutum rubutu. In na yi magana su rantse. In daina ba da aikin gida ne?

AMSA: Malam, sannu da ƙoƙari, wannan ciwon na kowa ne yanzu. Hana waya a cikin aji da kuka yi daidai ne, ina goyon baya. Wayar da take aljihun yaro lokacin darasi, ko a kashe take, rabin hankalinsa yana wurinta.

Kada ka ɓata lokacinka wajen sa su rantsuwa, kada kuma ka dogara da manhajojin da ake cewa suna gano rubutun na'ura. Suna kuskure, kuma ranar da ka tuhumi yaron da ya yi da guminsa, ka karya masa gwiwa, da wuya ya sake yin ƙoƙari. Abin da ya fi shi ne ka juya tsarin. Rubutun da za ka ba maki a yi shi a gabanka, da biro, ko da sakin layi biyu ne. Abin da za su yi a gida ya zama shiri: su karanta, su tattaro bayani, su tambayi na'urar in suna so. In kuma ka ba da insha'i a gida, washegari ka ɗaga mutum biyar ba tare da sanarwa ba, kowa ya rufe takardarsa ya faɗa maka da bakinsa abin da ya rubuta, ka tambaye shi ma'anar kalma biyu daga ciki. Sati biyu ana haka, aji zai gane cewa kwafa ba ta fisshe su. Ka kuma riƙa zaɓen batun da sai an taka ƙasa: yadda ake rini a Ƙofar Mata, hira da kaka a kan yadda aka yi bikinta, farashin kayan miya a kasuwar unguwarsu wannan makon. Na'urar tana da rauni ƙwarai a kan al'amuranmu, kuma in ba ta sani ba, ƙirƙira take yi ta faɗa da cikakken ƙarfin hali.

Amma ba na so ka tsaya a kan tsaro kawai. A 2024 an yi wani gwaji a birnin Benin na jihar Edo tare da Bankin Duniya. 'Yan aji ɗaya na babbar sakandare sun yi mako shida suna zama bayan an tashi daga makaranta, biyu-biyu a gaban kwamfuta, suna koyon Turanci da irin wannan ƙirƙirarriyar basira, malami yana tsaye a kansu, shi yake ba su abin da za su fara tambaya. Waɗanda suka shiga sun fi waɗanda ba su shiga ba a gwajin da aka yi musu. Abin da yake ɓata maka aikin gida shi ne ya taimaki waɗancan, don an sa shi yi wa yaro tambaya da gyara, ba a bar shi ya yi aikin a madadinsa ba. Kana iya gwada ƙaramin abu da wayarka kai kaɗai. Ka sa ta rubuta insha'i a kan tarihin ganuwar Kano, ka buga a takarda, ka raba wa aji, ka ce su nemo inda ta yi daidai, inda ta yi kuskure, da inda ta yi surutu babu ma'ana. Darasin fahimta ne mai kyau, kuma daga ranar za su daina ɗaukar duk abin da ta faɗa kamar yankan wuƙa.

TAMBAYA: Malam, daga Maraɗi nake rubuto maka. 'Yata mai shekara goma sha ɗaya tana hadda a wurin wani alaramma a unguwarmu. Na sa mata karatun Alƙur'ani a wayata don ta riƙa saurare, sai alaramma ya aiko cewa karatunta ya fara cakuɗewa, in daina. Ni kuma ina ganin sauraren alheri ne. Wa ya fi gaskiya?

AMSA: Alhaji, Allah ya sa ta zama mahaddaciya mai aiki da shi. Alaramma ya fi ka gaskiya a nan, amma matsalar mai sauƙin gyara ce, kuma ina kyautata zaton na san tushenta. Makarantun allo na ƙasar Hausa, a Nijar da Najeriya, bisa ruwayar Warshu suke karantarwa tun kaka da kakanni. Mafi yawan karatun da yake yawo a wayoyi da manhajoji kuwa na ruwayar Hafsu ne. Dukansu ingantattu ne, amma sun bambanta a wurare da yawa tun daga Fatiha: Hafsu yana jan "maaliki yaumid din", Warshu ba ya ja. Hamzar da Hafsu yake furtawa a "yu'uminuna", Warshu yana sauƙaƙa ta. Har ƙidayar ayoyi ta bambanta, 6,236 a mus'hafin Hafsu, 6,214 a na Warshu. Yarinya mai shekara goma sha ɗaya da take jin ɗaya da safe a gaban malam, ta ji ɗaya da dare a waya, dole harshenta ya haɗa su.

Ka je wurin alaramma da kanka, ka tambaye shi ruwayar da yake karantar da ita, ka nemi ya zaɓa mata makarancin da ya yarda da shi. In Warshu ne, akwai cikakken karatun Shaihu Mahmud Khalil Al-Husari, wanda aka naɗa a Masar a 1964, a hankali yake karantawa, harafi yana fita sarai. Abin da ya fi ma, ka roƙi alaramma ya karanta mata allonta na wannan makon da bakinsa ka naɗa, ta riƙa maimaita shi a gida. Kada ta saurari inda ba a biya mata ba tukuna. Waya tana iya maimaita aya sau ɗari ba ta gaji ba, wannan alherinta ne, amma ba ta jin kuskuren yarinya balle ta gyara mata, shi ya sa Alƙur'ani daga bakin malami ake karɓar sa.

Kuma ba sai ka bar mata babbar wayarka ba. 'Yar ƙaramar rediyo mai cin katin memori, irin wadda ake sayarwa a kasuwa, ta wadatar. Ka sa a zuba mata izun da take kai kawai, in ta wuce a ƙara mata na gaba.